Yadda Ake Ziyartar Sumela, Gidan Sufayen da ke Manne a Jikin Dutse a Turkiyya

Wanda ya fara ganin hoton Sumela yakan ɗauka haɗin kwamfuta ne: dogon gini mai hawa-hawa da jerin tagogi, ya manne a jikin dutsen da ke tsaye car, ƙarƙashinsa kuma kurmi ne kore shar da rafi yana gudu. Ginin gaske ne. Yana gundumar Maçka, wadda ake furtawa Machka, a lardin Trabzon da ke arewa maso gabashin Turkiyya, kusa da gaɓar Bahar Aswad. Tsayinsa daga matakin teku ya kai kimanin mita 1,200, kuma tsakaninsa da gindin kwarin Altındere akwai kusan mita 300. Gidan sufayen Kirista ne na ɗariƙar Otodoks ta Girkawa, an gina shi a bakin wani kogo, sufaye suka zauna a cikinsa ɗaruruwan shekaru har zuwa 1923. Yanzu Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido ta Turkiyya ce ke riƙe da shi a matsayin gidan tarihi, kowa na iya shiga da tikiti.

Mutanenmu da yawa suna zuwa Istanbul saro kaya, ko ganin likita, ko karatu, su koma gida ba su san cewa tafiyar da ba ta kai awa biyu a jirgi ce ta raba su da wannan wuri ba. Ziyarar ba ta da wuya, amma tana da sharaɗi guda: sai ka ba ta lokacinta. Mai gaggawa yakan biya kuɗi, ya sha hawa, ya dawo bai ga komai ba sai hazo da ƙeyar mutane.

Mataki na farko: zaɓi lokacin zuwa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, shi ya sa na sa shi gaba. Gabashin Bahar Aswad ne yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Turkiyya. Iska mai laima tana tasowa daga teku, ta ci karo da duwatsu, sai ta zama hazo da yayyafi. Ana iya wayar gari da rana tas a cikin Trabzon, kana isa kwarin ka tarar gajimare ya rufe dutsen ruf. Yawanci da safe sararin ya fi washewa, hazon kuma yakan taru bayan azahar. Saboda haka ka yi niyyar kasancewa a bakin ƙofa da hantsi, ba da la'asar ba.

A cikin shekara, watannin Mayu da Yuni, sai kuma Satumba da farkon Oktoba, su ne na fi ba da shawara. Yuli da Agusta lokacin cunkoso ne, domin Turkawa suna hutu, ga kuma baƙi daga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da ke gudun zafin ƙasashensu su cika Trabzon maƙil. Daga Disamba zuwa Maris ana samun ƙanƙara, matakala tana santsi, wanda bai saba da irin wannan sanyi ba gara ya haƙura. Ranar 15 ga Agusta kuma ta dabam ce: ita ce ranar da mabiya Otodoks ke tunawa da rasuwar Maryam, kuma tun 2010 gwamnatin Turkiyya takan ba da izinin yin addu'ar shekara a wurin, sai dai a 2024 da 2025 ranar 23 ga Agusta aka yi ta. Ranar addu'ar ta masu ibada ce, ana taƙaita shiga, ɗan yawon buɗe ido ya zaɓi wata.

Kafin ka sayi tikitin jirgi, tabbatar wurin a buɗe yake. An rufe shi a 2015 saboda duwatsun da ke gangarowa daga sama, aka shafe shekaru ana farfasa waɗanda suka yi lako-lako ana ɗaure sauran da ragar ƙarfe, sannan aka fara buɗe shi sashe-sashe daga 2019. Dutse bai daina motsi ba, don haka ka duba shafin gidajen tarihi na gwamnati, muze.gov.tr, ko ka sa ma'aikacin otal ɗinka ya tambaya maka.

Mataki na biyu: isa Trabzon

Mai fasfon Najeriya ko na Nijar sai da biza zai shiga Turkiyya, ka gama da wannan tun daga gida. Daga Istanbul jirage na tashi zuwa Trabzon sau da dama a rana. Abin lura ɗaya: Istanbul na da filin jirgi biyu, babban da ke ɓangaren Turai da kuma Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya, kuma nisan da ke tsakaninsu ba na wasa ba ne. Duba tikitinka da kyau. Akwai bas ma, amma tafiyar ta fi awa goma sha biyar, ba na jin ta cancanci wahalar.

Filin jirgin Trabzon yana daf da gari. Ka nemi masauki kusa da dandalin tsakiyar gari da ake kira Meydan, domin a nan ofisoshin masu kai baƙi yawo suke, ga gidajen abinci, ga wuraren canjin kuɗi. Ka ware wa garin kwana biyu aƙalla, ba don ziyarar na cin kwana biyu ba, sai don in hazo ya ɓata maka rana ta farko kana da ta biyu. (Kada ka yi mamaki in direban tasi ya ji daga Najeriya kake ya fara kiran sunan Nwakaeme ko Onuachu ko Mikel Obi. Duk sun buga wa Trabzonspor, kuma a garin nan ƙwallo ba abin wasa ba ce.)

Mataki na uku: yanke shawarar yadda za ka je kwarin

Daga Trabzon zuwa Sumela kimanin kilomita 45 ne, tafiyar kusan awa ɗaya. Hanya uku ce.

Ta farko ita ce motocin kamfanonin yawo da ke tashi daga Meydan da safe su dawo da rana. Ita ce mafi sauƙi ga baƙo. Sai dai ka yi tambaya kafin ka biya: Sumela kaɗai za a je, ko an haɗa da wasu wurare? Akwai tsarin da ake cusa Sumela da kogon Karaca da mashigar Zigana da ƙauyen Hamsiköy duk a rana ɗaya. Wuraren suna da kyau, amma a irin wannan tsari ana ba ka ɗan lokaci kaɗan a gidan sufayen, rabinsa kuma ya tafi a hawa. In Sumela ce ta kawo ka, ɗauki motar da za ta je can kawai, ka kuma tambayi awa nawa za su jira.

Ta biyu ita ce ƙananan bas na haya da Turkawa ke kira dolmuş, ana furtawa dolmush. Za ka hau zuwa garin Maçka, kimanin kilomita 30 daga Trabzon, daga nan ka ɗauki tasi zuwa kwarin. In ka bi wannan hanya, ka yi ciniki da mai tasin na zuwa da dawowa tun kafin ka shiga, ka karɓi lambarsa, don a sama ba a cika samun motar da ke jiran fasinja ba.

Ta uku, hayar mota ko shatar tasi tun daga Trabzon. In kun kai mutum uku ko huɗu, wannan ta fi, domin ita kaɗai ke ba ku damar isa kafin manyan motocin baƙi su sauke jama'arsu. Titin mai kwalta ne, sai dai bayan Maçka yana da kwana-kwana, ga kwari a gefe.

Mataki na huɗu: abin sawa da abin riƙewa

Takalmi shi ne kan gaba. Sa sau-ciki mai ƙasan roba da ke kama ƙasa, ka bar silifas da takalmin fata mai santsi a otal. Babbar riga da doguwar abaya mai jan ƙasa suna wahalarwa a matakala mai laima, gara tufafin da ƙafa za ta sake a ciki. Riƙe rigar sanyi ko da a watan Yuli ne, da rigar ruwa maimakon lema, saboda hannunka na buƙatar kama ƙarfen gefen matakala. Sai gorar ruwa, da fasfo, da 'yan Lira a hannu don kuɗin ƙaramar mota da banɗaki da shayi, ko da kana da katin banki.

Mai ciwon gwiwa, da mai ciwon zuciya, da tsoho, su sani cewa babu hanyar shiga sai da ƙafa. Keken jariri ma ba ya hawa, goyo ya fi.

Mataki na biyar: hawa, da tsayawar da bai kamata ka tsallake ba

Gidan sufayen yana cikin gandun dajin gwamnati na Kwarin Altındere, saboda haka akwai kuɗin shigar mota a ƙofar gandun, dabam da tikitin shiga ginin. Farashin tikitin baƙi ya fi na 'yan ƙasa, ana rubuta shi da Yuro amma da Lira ake biya. A lokacin da baƙi ke da yawa, motoci kan tsaya a filin ajiye motoci na ƙasa, sai a hau ƙananan bas da ke kai mutane can sama kusa da ginin. Daga inda suke saukewa akwai sauran tafiyar ƙafa ta minti goma zuwa sha biyar cikin itatuwa. Mai jin ƙarfi yana iya bin tsohuwar hanyar ƙafa da ke tasowa daga gindin kwarin tana lanƙwasa cikin daji, wadda kan ci rabin awa zuwa minti arba'in da biyar. Ni dai shawarata a hau da mota, in ƙasa a bushe take a sauko da ƙafa.

Ga abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun shiga: wannan hoton da ya jawo ka, na ginin da ke manne da dutse, ba a ganinsa daga ciki. In ka shiga, kana bayan ginin ne. Daga nesa ake ganinsa, a wurin tsayawar kallo da ke gefen hanyar hawa, da kuma kusa da ƙaramin cocin Aya Varvara da ke kan hanya kafin a ƙarasa. In ka ga sararin a washe yake lokacin da kake hawa, tsaya nan take ka kalla, ka ɗauki hotonka. Kada ka ce sai a dawowa. Cikin minti goma hazo na iya sauka ya shafe komai. In kuma ka tarar a rufe yake, ɗan jira, domin kamar yadda yake zuwa ba sallama haka yake yayewa.

Wannan ƙaramin coci yana da labari. Lokacin da aka yi musayar al'umma tsakanin Turkiyya da Girka a 1923, aka kwashe Kiristocin Otodoks fiye da miliyan ɗaya zuwa Girka, Musulmin Girka kuma aka dawo da su Turkiyya, ba a bar sufayen Sumela su tafi da kayan ibadarsu ba. Sai suka binne abin da ya fi musu daraja, wato tsohon zanen Maryam da suka yi imani Luka mai bishara ne ya zana shi, a wannan ɗan coci. A farkon shekarun 1930, bayan gwamnatocin biyu sun daidaita, wani sufi ya dawo ya tono shi aka kai Girka. Yanzu yana wani sabon gidan ibada mai suna iri ɗaya a kusa da garin Veria a arewacin Girka. Don haka kada ka shiga kana neman zanen, ba ya nan.

Mataki na shida: shiga ciki

Abin da za ka fara gani a gefen ƙofa shi ne magudanar ruwa mai jerin ginshiƙai masu lanƙwasa kamar baka da aka gina a jikin dutse, wadda ta riƙa kawo wa sufayen ruwa. Daga nan sai doguwar matakala siririya zuwa ƙofa ɗaya tilo. Ka lura da ƙanƙantar ƙofar da ɗakin mai gadi a gefenta, za ka gane cewa tsaro ne ya sa aka zaɓi wurin, ba kyan kallo ba. Kana ƙetare ƙofar sai kuma ka gangara wata matakalar zuwa farfajiya. Kafin ka sauka, tsaya a sama ka dubi farfajiyar gaba ɗaya, nan ne ake ganin tsarin gidan duka: kogon a hagu, dutsen ya rufo daga sama, ƙananan ɗakuna sun kewaye.

Bisa ruwayar da mabiya ke bayarwa, sufaye biyu ne daga Atina, Barnabas da Sofroniyos, suka kafa wurin wajen shekara ta 386, zamanin Sarki Tiyodosiyos na Rum, bayan sun tarar da zanen Maryam a cikin kogon. Wannan ruwaya ce. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne wurin ya bunƙasa a zamanin daular Trabzon ta Girkawa, wadda ta yi mulki daga 1204 zuwa 1461, musamman ƙarƙashin Sarki Aleksiyos na Uku da ya hau mulki a 1349 ya yi wa gidan kyautar ƙasa da dukiya. Da Sultan Muhammadu na Biyu ya ci Trabzon a 1461, Daular Usmaniyya ba ta rushe gidan ba. Sarakunanta sun bar masa haƙƙoƙinsa da takardun kariya, aka ci gaba da ibada a cikinsa fiye da shekara ɗari huɗu da hamsin ƙarƙashin mulkin Musulmi. Dogon ginin nan mai tagogi da ake gani daga nesa, wanda ɗakunan sufaye da na baƙi ne, a ƙarni na 19 aka yi shi. Har yau mutanen yankin, waɗanda Musulmi ne, suna kiran wurin Meryem Ana, wato Uwa Maryam.

Yanzu ka nufi kogon, kuma a nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Cocin kogo ne na ainihi, aka toshe bakinsa da bango, aka fito da wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada daga jikin bangon. An lulluɓe shi da zane ciki da waje, har rufin dutsen. Fara da waje. Zanen yana jere ne layi-layi, kowane murabba'i da labarinsa, domin an yi shi ne don masu ziyarar da ba su iya karatu ba. Za ka ga halittar Adamu da Hauwa'u da fitarsu daga aljanna, da al'amuran rayuwar Maryam da ta Isa kamar yadda Kiristoci suka ruwaito. Musulmi zai gane wasu labaran ko ba a yi masa bayani ba, Kirista kuma zai gane kusan duka. Yawancin abin da ido ke gani na ƙarni na 18 ne, amma duba inda shafen ya ɓare, za ka hangi wani zanen a ƙarƙashi, domin sau da dama ana shafe tsoho a zana sabo a kai.

In ka shiga ciki, ba idonka minti ɗaya ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai. Manyan zanen Isa da na Maryam riƙe da jariri suna kan rufin, sun bi lanƙwasar dutsen yadda yake. Ƙungiyoyin baƙi kan shigo da hayaniya su fita cikin minti biyar. Matsa gefe ka bar su su wuce, tsakanin wannan ayari da na gaba akan sami ɗan sarari.

Ba za ka kasa ganin ɓarnar ba. An ƙwaƙule fuskoki da idanu, an kankare sunaye da shekaru cikin haruffan harsuna dabam-dabam, wasu wuraren ma an yanke zanen an tafi da shi. Bayan tafiyar sufaye gidan ya shafe shekaru da dama ba mai gadi, gobara ta cinye sassan katako a 1930, masu neman dukiya suka yi ta tono. Zanen da hannu bai kai gare shi ba, na can sama, shi ya fi tsira.

Sauran wuraren ba sa cin lokaci: ɗakin girki da murhunsa, ɗakin littattafai wanda yanzu fanko ne, ɗakunan kwana masu kabad da alkuki a jikin bango irin na gidajen Turkawa, da wurin da ruwa ke ɗigowa daga saman dutse, wanda masu ziyarar ibada ke ɗauka mai tsarki ne. Wasu sassan a rufe suke, kada ka tsallake igiya.

Mataki na bakwai: ladabin wurin

A takarda gidan tarihi ne, ba a cire takalmi, ba a tilasta wa mace rufe kai. Amma cikin jama'ar da ke gefenka akwai Girkawan da kakanninsu daga wannan yanki aka kwashe su, da Jojiyawa da Rashawa, waɗanda ziyarar ibada ta kawo su. Za ka ga wani ya tsaya shiru gaban zane yana alamar giciye. Rage murya, kada ka gitta gabansa, kada ka ɗauke shi hoto. Ra'ayinka game da zane a wurin ibada naka ne, ba nan ne wurin muhawara ba.

Kashe fitilar kyamara kafin ka shiga kogon, kada ka taɓa bango, kada ka jingina da shi don hoto. Kada kuma ka sa ko ɗan tsakuwa a aljihu da sunan tsaraba. Dokar kare kayan tarihi ta Turkiyya tana da tsauri, an sha tsare baƙi a filin jirgi saboda dutsen da aka gani a jakarsu.

Mataki na takwas: saukowa, salla da abinci

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa a ciki. A saukowa ne aka fi zamewa, don ƙafa ta gaji, ka riƙe ƙarfe. In lokacin salla ya yi, tambayi mescit, ana furtawa mesjit, wato ɗan ɗakin salla da akan samu a wuraren hutawa, in ba ka samu ba akwai masallatai a garin Maçka. Ruwan alwala a nan daga dutse yake zuwa, ka shirya wa sanyinsa.

A bakin rafin kwarin akwai gidajen abinci da ke gasa kifin ruwan sanyi da suke kira alabalık. Ka haɗa da kuymak, garin masara da aka tuƙa da man shanu da cuku, ya ɗan yi kama da talge mai kauri, sai dai yana jan zare in ka ɗebo, kuma da zafinsa ake ci da burodi. Tambayi farashi kafin a kawo, musamman na kifin. In da motarka kake kuma rana ba ta yi nisa ba, ƙauyen Hamsiköy yana cikin gundumar Maçka ɗin, kan tsohuwar hanyar Zigana, ya yi suna da sütlaç, shinkafa da madara da ake gasa samanta a tanda. In kuma ka koma Trabzon da sauran haske, je Ayasofya ta garin, ba ta Istanbul ba. Coci ce ta ƙarni na 13 daga wannan daular da ta raya Sumela, an sake mai da ita masallaci a 2013, kuma a shirayinta har yanzu ana ganin zanen da ya girmi yawancin wanda ka gani a kogon, bai kuma sha ɓarna irin tasa ba.